Ƙwallon Salla a Wayar Zinariya

Wanda duk ya taɓa shiga motar Illiyasu daga Sokode zuwa Dapaong ya san ba ya bukatar rediyo. Tun daga tasha bakinsa zai kama aiki, ba zai huta ba sai an sauke kaya. A bakin nan nasa ya taɓa gyara injin tirela da cokali a Sinkase, kuma wai ba don tuƙi ya riƙe shi ba, da yanzu shi ke horar da 'yan ƙwallon ƙasa. Fasinja sukan ce masa "to, to," don dai kada ya saki sitiyari ya gwada musu da hannu.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe lakwal, wato makarantun boko, aka rufe masallatai, aka tare hanyoyin Sokode ba shiga ba fita. Motar Illiyasu ta kwanta a ƙofar gidan hayarsu a unguwar Koma, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Fasinja suka sarara, iyalinsa suka shiga uku, don yanzu su kaɗai suka rage masa masu saurare.

Da azumi ya doshi ƙarshe, gidan ya yi tsit. Al'adarsu ce duk ƙaramar salla su kwashi yara su tafi Dapaong wurin Inna Dija, mahaifiyar Illiyasu, wadda ke zaune a gidan yayansa Wahabu mai fataucin shanu. Washegarin salla jikokin Sokode da na Dapaong sukan kara da ƙwallo a bayan gida, Inna Dija ta soya wa waɗanda suka ci zabo. Bara an ci 'yan Sokode, kuma tun daga ranar Umaima, ƙaramar 'yar Illiyasu, take buga ƙwallo a bango tana jiran ramuwa. Da aka ce bana babu tafiya, ta ƙi ko gwada kayan sallarta. Yayanta Ikrama kuwa ya koma kwanciya a tabarma yana ƙirga ƙudaje.

Illiyasu ya dube su, ya dubi sama, ya buga cinya.

"Za a yi wasan nan!"

Zinariya matarsa, tana tankaɗe, ta ce, "Baban Ikrama, da wace hanyar?"

"Hanya? Masu ƙaramin tunani su ke neman hanya. Fanareti za a yi ta waya. Yaranmu su buga a nan, golan Dapaong yana kallo a can, ya faɗi. In gefen da ya faɗi shi ne gefen da ƙwallo ta bi, ya kama. In ba shi ba ne, ta shiga. Su ma su buga, namu ya faɗi. Ko Turawa ba su yi wannan tunanin ba."

"Ai kuwa na yarda ba su yi ba."

Umaima ta tashi zaune. Ikrama ya bar ƙudaje. Ganin haka Zinariya ta haɗiye sauran maganarta.

Matsala guda, wayar Illiyasu irin mai maɓallan nan ce da ba ta iya komai sai ƙara da tocila. Mai nuna hoto ɗaya ce a gidan, ta Zinariya, wadda da ita take tura wa mata hotunan atamfa tun da kasuwa ta yi sanyi. Lambobin masu sayenta kaf suna ciki.

"Wayar nan ita ce shagona," in ji ta. "Ita ke ciyar da mu tun da motarka ta zama akurki."

"Haba Zinariya. Mutumin da ake damƙa wa rayukan mutane a kan titi, waya ce za ta gagare shi riƙo?"

Ta dubi Umaima, wadda ta riga ta ɗauko kayan salla tana gwadawa, ta ce, "Saboda yaran nan. Ba saboda kai ba."

Nan take ya kira Dapaong. Wahabu mutum ne mai tsadar magana, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Illiyasu, zaman gida ya fara taɓa ka ne?"

"Yaya, in tsoro kuke ji ku faɗa, a kawo mana zabonmu."

"To. Za mu zo. Wato za mu tsaya inda muke."

Aka shiga horo. Illiyasu ya samo usur, ya ɗaura rawani a wuya kamar tawul, ya ce kafin a taɓa ƙwallo sai an zaga tsakar gida a guje, shi a gaba. Ya manta yana azumi. Zagaye na farko yana waƙa, na biyu yana haki, na uku aka same shi rungume da randa yana tambayar ko an kusa kiran salla. Hantsi bai ma gama dagawa ba.

"Dabara ce," ya ce da yaran daga ƙasa. "Ina gwada muku yadda gola ke faɗuwa."

Da yamma ya ce zai nuna musu bugun da ake kira ayaba, mai lanƙwasa. Ƙwallon ta lanƙwasa kuwa. Ta bar ragar da aka nufa, ta sami bokitin wanke hannu mai famfo da maigidan haya, Baba Alassani, ya girka a ƙofar zaure, ta tuntsurar da shi. Ruwan sabulu ya bi ƙarƙashin tabarmar tsohon, yana zaune yana jan carbi.

Baba Alassani ɗan asalin garin ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ɗaga ƙafa ya ce, "Illiyasu, korona bai kashe ni ba, kai za ka kashe ni? Wannan ƙwallo, shi ba ya da ido, kai ma ba ka da?"

"Baba, iska ce."

"Iska ya sa takalmi?"

Zinariya ta ja wa Illiyasu kunne cewa an hana taro, kada kowa ya ji. Ya ce ai shi kabari ne wajen riƙe sirri. Mutum ɗaya kawai ya gaya wa, wani ɗan zemijan mai ɗaukar mutane a babur, shi ma don ya ara masa ƙwallo mai kyau. Sai mai nama, don ya tambaya. Sai matan da ke layin famfo, don sun ga yana ɗingishi. Kafin a ga wata, har ƙauyen Kparatao an ji cewa Sokode za ta kara da Dapaong a tsakar gidan Baba Alassani.

Aka yi salla kowa a gidansa, babu idi, babu yawon gaisuwa. Washegari da la'asar Illiyasu ya fito cikin babbar riga, usur a wuya, takunkumi a haɓa. Ya kafa turmi a gefe guda, durom na ruwa a ɗaya gefen, ya ce raga ke nan. Da ya ɗaga kai sai ya ga katangar gidan ta tsiro da kawuna. Samari a kan bishiyar mangwaro, mata a kan rufin makwabta, wani tsoho ma an ɗora shi a kan motar Illiyasu da kujerarsa.

Zinariya ta leƙo daga madafa. "Wannan ne sirrin?"

"Ba su shigo ba ai. Katanga ba taro ba ce." Ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu. "Kowa ya ba ɗan'uwansa tazara! Wanda zai yi ihu ya yi cikin takunkumi!"

Waya ta shiga. Ga fuskar Wahabu ta cika gilashi, ga 'ya'yansa a baya suna tsalle, ga Inna Dija a kan kujera tana tambayar ko su ma suna ganinta. Umaima da Ikrama suka yi ta ɗaga mata hannu, ta ce sun rame, ta ce a ƙara musu tuwo. Da ƙyar Illiyasu ya ƙwace wayar ya busa usur.

Ikrama ya fara bugawa. Ƙwallo ta bi ta gefen turmi. A can Dapaong, Sulaimanu ɗan Wahabu, golansu, ya yi tsalle ya faɗi.

"Ta shiga!" in ji Illiyasu. "Dama aka buga, hagu ya faɗi!"

"Ya kama," in ji Wahabu. "Dama ya faɗi."

"Yaya, ina kallo da idona, hagu ne!"

"Hagunka ko hagunsa?"

Illiyasu ya tsaya. Ya ɗaga hannun da yake cin tuwo da shi, ya juya baya, ya sake juyowa, ya dubi turmi. Daga kan katanga wani ya ce damar waya daban take da damar mutum. Wani ya ce ai Dapaong arewa take, don haka komai nasu a juye yake. Mata biyu a kan rufi suka fara musu har ɗaya ta cire ɗankwali. A ƙarshe Inna Dija ta ce a ba kowa rabi.

"Inna, ba a rabin ci a ƙwallo."

"Ba a kuma yin ƙwallo a waya, amma ga shi kana yi."

Aka zo bugun Dapaong. Ikrama ya tsaya tsakanin turmi da durom, ubansa ya riƙe masa waya a gaban fuska. Mutanen katanga ba sa ganin komai, sai yaro tsaye yana zare ido. Can sai suka ga ya daka tsalle ya faɗi ƙasa rim, babu ƙwallo, babu dalili. Dariya ta ɓarke har reshen mangwaro ya yi ƙara.

Baba Alassani ya taso da sauri da butarsa. "Yaron nan, aljani ya buge shi? A kawo ruwa!"

"Baba, kamawa ya yi!"

"Ya kama me? Ni na ga ƙasa ya kama shi."

Sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya fara nasa. Umaima ta ja baya, ta zo ta narka ƙwallo ta gefen durom, bugu mai kyau wanda ya sa har samarin bishiya suka yi tafi. Amma a waya Sulaimanu ya daskare, baki buɗe, ƙafa ɗaya a sama. Aka jira. Illiyasu ya girgiza wayar, ya hura mata iska, ya yi ta ihu, "Ta gefen durom! Ta shiga ta gefen durom!" Da hoto ya dawo, sai ga Sulaimanu ya taka a hankali, ya kwanta ta gefen durom, har da gyara riga.

"Ya kama," in ji Wahabu.

"Bayan na faɗa masa!"

"Wa ya aike ka?"

Umaima ta cika ta yi fam, hawaye na shirin zubowa. Inna Dija ta ce ita ta gani, ta shiga, kuma duk wanda ya sa jikarta kuka ranar salla zai gamu da ita. Aka rubuta wa Sokode ɗaya.

Illiyasu ya ce laifin wurin ne, shi ya san inda rezo ke kwana a gidan nan. Ya ɗaga waya sama ya shiga yawo, yara na biye da shi suna mirgina turmi, samari biyu da suka diro daga katanga suna jan durom. Aka gwada gindin mangwaro, babu. Aka gwada ƙofar Baba Alassani, ya kore su da carbi. Inda rezo ya tsaya cak shi ne ƙofar makewayi. Nan aka sake kafa raga. Ana shirin bugawa, sai aka ji gyaran murya daga ciki, wani baƙon Baba Alassani ya ce don Allah a dakata ya fito tukuna. Ya fito da buta a hannu, jama'ar katanga suka yi masa tafi kamar shi ya ci.

Haka aka yi ta yi, ana bugu ana musu, har aka tsaya biyu da biyu da rabi-rabin Inna. Saura bugu ɗaya, na Sokode. Umaima ta ajiye ƙwallo, ta goge hanci, ta ja baya.

Sai Wahabu ya ce, "Gara dai yarinyar. Uban, tun muna yara ban taɓa ganin ya buga abin da ya fi gwangwani ba."

Lasifikar wayar a buɗe take. Katanga ta ɗauka da shewa.

Illiyasu ya ji kamar an watsa masa barkono. "Yaya, me ka ce? Umaima, matsa. Yaya, shiga raga da kanka! Yau za a san wanda Inna ta haifa da ƙafa."

"Baba, nawa ne fa," in ji Umaima.

"Ki kalla ki koya, 'yata. Irin wannan ba kullum ake gani ba."

Don a kashe gardamar dama da hagu, ya ce wayar da kanta za ta tsaya a raga. Ya ɗaura igiyar shanya daga taɓaryar da ya kafa a turmi zuwa murfin durom, ya rataye wayar a tsakiya da ɗankwalin Umaima, fuskar Wahabu na lilo a ciki. A can Dapaong Wahabu ya hau benci ya zauna, ya matso da fuska dab da gilashi don ya ga ƙafar ƙaninsa da kyau.

Illiyasu ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ya kai bakin zaure. Sai ya lura katanga ta yi fayau, babu kai ko ɗaya. Mangwaro na ta zubar da samari ta baya. Tsohon da ke kan mota ne kaɗai ya rage, don babu mai sauke shi. Illiyasu ya waiwaya, ya yi ido huɗu da jandarmomi biyu, takunkumi har hanci.

"Wa ya tara mutane a nan?" in ji babban.

"Ranka ya daɗe, wane mutane? Mu iyali ne. Wasa muke da Dapaong."

Jandarman ya dubi turmi, ya dubi durom, ya dubi wayar da ke lilo a ƙofar makewayi da fuskar mutum a ciki. Wahabu ya ce masa barka da salla. Ya amsa kafin ya ankara.

"Wancan shi ne gola?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Tsarin nawa ne. Ni na ƙirƙiro."

Jandarman ya dubi abokinsa. "Na yi aiki wurare da yawa, ban taɓa ganin wannan ba. Buga mu gani, sannan mu yi magana."

Ai sai kan Illiyasu ya ƙara girma. Hukuma da kanta ta zo kallo! Kawuna suka fara dawowa katanga ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna kusurwar durom da yatsa ya ce, "Yaya, can zan saka ta. Na faɗa maka, don kada ka ce an cuce ka." Ya tofa a hannu, ya ja takunkumi sama, ya kwaso da gudu.

Daidai nan Zinariya ta fito daga madafa da tiren soyayyen nama, ta ga abin da aka rataye a raga.

"Baban Ikrama! Wayata!"

Ya riga ya saki ƙafa. Takalminsa ya yi sama ya faɗa gidan makwabta. Babbar riga ta sauko ta rufe masa fuska, ya zauna daɓas. Ƙwallon kuwa, wadda tun da aka fara horo ba ta taɓa zuwa inda ya aike ta ba, ba ta je durom ba, ba ta je turmi ba. Ta tafi ɗoɗar ta sami wayar a tsakiyar gilashi. Aka ji tas! Wayar ta bugi ƙofar makewayi, ta dawo ta faɗi ƙasa, gilashin ya yi kamar saƙar gizo. Ƙwallon ta gangaro a hankali ta tsaya a gaban Illiyasu.

Tsohon kan mota ya shiga tambayar wa ya ci.

Illiyasu ya yaye riga daga fuska. "Ta... ta shiga ai. Da ba don waya ba, da ta shiga."

Baba Alassani ya ce, "Kai ka ce waya shi ne gola. Ƙwallo ya bugi gola, ya dawo. Mushe jandarma, wannan mene ne?"

Jandarman ya gyara tsayuwa. "Gola ya kama."

Katanga ta fashe. Wani ya faɗo ciki don dariya, ƙaramin jandarman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ikrama ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki. Umaima ta so ta yi fushi, ta dubi ubanta zaune da takalmi ɗaya da usur a kunne, ita ma ta tuntsire.

Zinariya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tire, ta tsinci wayar, ta cire ɗan katin da ke ciki ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta dubi babban jandarman.

"Ranka ya daɗe, kun ce za ku yi magana da shi. Don Allah ku tafi da shi. Zan haɗa masa tabarma."

Jandarman ya dubi fuskarta, ya dubi Illiyasu. "Madam, abin da ke jiransa a nan ya fi namu. Mun bar miki shi." Ya daka wa katanga tsawa kowa ya watse, ya sa aka sauke tsohon, suka karɓi nama ɗaya-ɗaya da Baba Alassani ya miƙa musu, suka fita suna girgiza kai.

Ba su daɗe da fita ba ƙaramar wayar Illiyasu ta yi ƙara a aljihu. Inna Dija ce, kuma muryarta ba ta bukatar lasifika.

"Illiyasu! Me ka yi wa yayanka? Mutum na zaune lafiya a benci, ya ga ƙwallo ta taho masa fuska, ya yi baya, ya ƙume ƙeya da turken saniya! Ga shi nan da ƙulu kamar ƙwan zabo, muna gasa masa!"

Daga nesa aka ji muryar Wahabu a raunane: "Amma dai na kama."

"Rufe mini baki kai ma! Gemai-gemai da ku! Ba ni jikokina." Umaima da Ikrama suka manna kunne. Ta ce musu ita a wurinta duka sun ci, ran da aka buɗe hanya kowane jika zabonsa guda, iyayensu maza kuwa ko romo ba za su lasa ba. Yaran suka ruga zaure suna tsalle, suna kwaikwayon faɗuwar ubansu, ɗaya ya faɗi ɗaya ya busa usur.

Zinariya ta miƙo wa Illiyasu tsintsiya. "Share gilashin nan kada yara su taka. Gobe kuma ka san inda za ka samo mini wata, ko da tayar motarka ce za ta tafi."

Ya karɓa ba musu. Ya durƙusa ya fara shara, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya yi shara kaɗan, sai ya dakata. Ya ɗago kai a hankali, idonsa na ƙyalli, ya dubi Baba Alassani da ke naɗe tabarma.

"Baba, ka dai ji da kunnenka. Tsakani da Allah, a duk ƙasar nan, wa ka taɓa ji ya buga ƙwallo a Sokode ta kayar da ƙato a Dapaong?"

Baba Alassani ya saɓa tabarmarsa ya shige ɗaki, ya sa sakata.

"Akwai saura a bayan turmi," in ji Zinariya.